Jan Layi a Injin Sunaye

Zuwa ga Baban Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Ka ga, har na fara rubuta ina fata kana lafiya, sai na soke, hannu ne ya saba. Na san ba za ka karanta wannan ba. Babu ɗan aike zuwa inda kake, kuma ko da akwai, bai kamata a bi mutumin da ya huta da irin wannan labari ba. Amma idan ban amayar da shi ba ƙirjina zai fashe, kuma tunda kai ka kawo injin nan cikin gidan nan, kai za ka saurara.

Bari in fara da na gida, kada ka ce ban iya wasiƙa ba. Ummi ta yi giɓi, tana ta rufe baki da hannu idan za ta yi dariya. Sadiƙu ya daina tambayar yaushe za ka dawo daga Challawa, kuma wallahi na fi son lokacin da yake tambaya. Hajiya mahaifiyarka tana wurina tun ranar da aka fita da kai, ta ce ba za ta koma Dakata ba sai na fita takaba, saura kaɗan kuwa. Ƙafar ta matsa mata, amma bakin yana nan yadda ka san shi. Babur ɗinka yana soro, an lulluɓe shi da tsohon zanin gado. An sake rufe wata masaƙa a Sharada, 'yan Nijar ɗin nan masu haya a ƙarshen layi sun tattara sun koma gida.

To ga abin da ke ci na. Bayan addu'ar arba'in Baffa ya zo, ƙanin mahaifinka, ya zauna a bakin ƙofa ya yi magana a hankali, irin yadda yake yi idan ya riga ya yanke hukunci tun daga gida. Ya ce mace ba ta zama ita kaɗai a gidan haya a Dorayi da 'ya'ya biyu babu abin da ke shigowa. Idan na fita takaba in koma wurin mahaifina a ƙauye, yara kuma su koma Dakata hannunsa, su tashi cikin danginsu. Ban san inda na samo bakin ba, na ce masa akwai abin da ke shigowa, akwai injin. Na ce masana'antu uku ke dogara da shi, kuma ka koya mini kula da shi. Ya dubi Hajiya, sannan ya ce to, a gani. Idan aikin ya tsaya da ƙafarsa har na fita, zai bar mini yarana. Idan ya faɗi, kada in yi masa kuka.

Ka ji abin da ke rataye a jikin akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin madubina, Baban Ummi. Ummi da Sadiƙu ne.

Ka tuna ranar da ka kawo shi? Ka kwashe takalmana ka ajiye shi a gurbinsu, wai ƙuryar ɗaki ce kaɗai rana ba ta duka. Ka huda bango ka zura waya har zuwa dogon ƙarfen da ka kafa a kan rufi yana kallon Sharada. Na tambaye ka aikinsa, ka ce in ɗauke shi kamar dattijon da ke zama a bakin layi, baƙo ya zo ya ce ina gidan wane, ya nuna masa. Duk wanda ya aiko wasiƙa ta intanet daga Italiya ko Legas zuwa ga masu jima na Challawa, ko masu roba na Sharada, ko masu alawa na Bompai, sai an fara tambayar injin nan ina gidansu yake. Idan ya yi shiru, wasiƙar ta koma inda ta fito. Kai ka sa masa suna injin sunaye, ni na sa masa sarkin ɗaki, domin fankar da aka sayo don ni shi ka juya wa, ni kuwa in ta gumi.

Abin da ka koya mini bai taka kara ya karya ba, gaskiya, duk da na cika baki a gaban Baffa. Kunnawa, kashewa, busa ƙura, duba ruwan batir, da tsayawa in kalli layukan da ke gangarowa a allo idan yana farkawa, kowanne da ɗan koren rubutu a gefensa. Ka ce in dai kore ne har ƙasa, in tafi in ɗora girkina. Ban taɓa tambayarka abin da zan yi idan na ga ja ba, kai ma ba ka faɗa ba. Wa ya yi zaton zazzaɓi zai ɗauke ƙato irinka?

Tun rasuwarka injin bai ɗauke ba ko sau ɗaya, har na fara jin kaina wata injiniya. Sai a makon jiya taransifomar unguwa ta ƙone. Batir ya riƙe iya ƙarfinsa, janareta kuma ya zaɓi ranar ya yi gardama, kafin makaniki ya zo ya gama jinyarsa ɗaki ya yi tsit. Ban taɓa jin ɗakin nan shiru haka ba tun da ka kawo shi. Da janareta ya tashi na danna, fankar ciki ta ɗauka, allo ya haska, layuka suka fara gangarowa, kore, kore, kore, har na fara sakin numfashi. Sai ga ja. Layi ɗaya tak, kuma shi ne na sunayen. Na kashe na kunna, ja. Na bar shi ya huce na sake, ja. Komai na cikinsa ya farka, ban da abin da aka ajiye shi dominsa.

Washegari wayarka ta fara ruri. Masu alawa ne suka fara kira, sai masu roba. Daga baya Manajan masu jima na Challawa ya kira da kansa. Ya fara yi mini ta'aziyya, ya yabe ka, sannan ya ce suna da kaya a hanyar tashar ruwa, mai saye yana can Italiya yana ta aiko wasiƙu suna komawa, mutumin har ya fara zaton sun rufe kamar sauran. Ya ce don darajarka zai jira ni zuwa Juma'a, idan ba a gyara ba zai miƙa aikin ga wani kamfani a Legas. Masu alawa ba su ma jira ba, sun riga sun tafi. Ka san idan na Challawa suka bi su, abin da masu roba ke bayarwa ko haya ba zai riƙe ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, labari ya kai kunnen Baffa, ya aiko cewa zai zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Na nemi ƙaninka Nura, tunda shi ke taya ka wani lokaci, kuma shi ya bar mini kalmar sirrin shiga kafin ya tafi hidimar ƙasa. Ƙauyen da aka tura shi a kudu ko waya ba ta shiga. Na yi ta kira har matar nan mai cewa ba a samun lambar ta zama kamar ƙawata. Sai na tuna abokinka Bitrus, mutumin kudancin Kaduna ɗin nan da kuka yi aiki tare a Bompai, wanda aka ce ya tsaya a gefe ranar jana'iza yana share ido da hularsa. Na kira shi. Bai ɓoye mini ba, ya ce shi wayoyi ne aikinsa, abin da ya sani na cikin injin a wurinka ya tsinta, amma zai zo.

Ya zo kuwa, da tashinsa daga aikin safe. Nan Hajiya ta kafa ƙafa. Namiji ba muharrami ba ya shiga ƙuryar mai takaba? Ta ce sai dai bayan ranta. Ya ce to a fito masa da injin soro. Ta ce wannan kuma kayan gado ne, ba a raba ba, ko allura ba ta fita daga ɗakin nan sai malamai sun zauna. Gaba kura baya siyaki. Ban ga laifinta ba, ko a gidanmu haka ake yi, amma a ranar ji na yi kamar in ɗora hannu a ka in fita titi da gudu.

Bitrus ne ya samo dabara, Allah Ya saka masa. Ya zagaya lungun baya inda tagar ɗakinmu take, nan bakin kwata, ya jawo bulo ya taka. Ba ya ganin komai, ga labule ga ragar sauron da ka buga da ƙusa kamar mai tsoron ɓarawo. Ni na zauna gaban allo, Hajiya ta shimfiɗa tabarma a bayana da carbinta, ita ce mai gadi. Shi ya faɗi abin da zan danna, ni in danna, in karanta masa abin da ya fito da ɗan Turancina na sakandare, ga janareta yana ta haushi a tsakar gida. Maƙwabta suna wucewa suna kallon ƙaton mutum da kayan aiki yana hira da labule.

Ya fara nuna mini wurin da injin ke rubuta ƙorafinsa. Ashe yana da wurin kai ƙara, ni ban da shi. Na karanta masa layi bayan layi. Ya sa na duba kwanan wata, muka tarar ya koma wata shekara da ko aure ba mu yi ba. Bitrus ya yi murna, ya ce an kama ɓarawo, wani ɗan batir ne a ciki kamar kwabo, shi ya mutu. Ya je ya sayo, aka miƙo ta ƙofa. Na nemi sukundirebarka sama da ƙasa ban gani ba, don kai ba ka taɓa mayar da abu inda ka ɗauko shi ba, dole da wuƙar yanka albasa na kwance murfin. Na cire tsohon na sa sabon. Kwanan wata ya dawo daidai. Layin yana nan ja.

Kashegari ya ce wataƙila cikinsa ne ya cika, babu wurin da zai ajiye ƙafa. Ya sa na goge tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, duk maɓallin da na danna ina tsoron in goge abin da ba ya dawowa. Ja. Ya ce to mu bi takardun sunayen da kansu, wai ɗigo ɗaya idan ya ɓata sai ya ƙi tashi. Na bi masa su ɗigo ɗigo har idona ya fara ruwa, komai yana nan yadda ka bar shi. Ya ce wani lokaci idan wuta ta ɗauke ba shiri, injin yakan bar wata 'yar alama da ke sa shi zaton yana aiki alhali a kwance yake. Muka nemo ta muka cire. Ya hau katangar maƙwabta ya bi wayar har jikin dogon ƙarfe, ya sauko da tafin hannu a ƙuje, ya ce lafiyarta lau. Duk abin da muka taɓa, idan na sake tayar da shi sai jan layin nan ya dube ni.

A ƙarshen kowane gwaji ƙorafin guda ne, wai akwai wanda bai sani ba. Bitrus ya ce irin waɗannan injuna suna zuwa da wani suna nasu da aikin ke gudana a ƙarƙashinsa, ya sa na duba, yana nan daram. To wa ya ɓata? Ya ce wannan ne ke ɗaure masa kai.

Ni kuwa haushinka nake ji, kuma sai na faɗa. Me ya sa ka haɗa abu yadda babu mai iya kwance shi sai kai? Me ya sa komai a kanka yake? Ka zaci kai ba ka mutuwa? Ka zauna ka koya mini busa ƙura kamar wata 'yar aiki, ka tafi da sauran ƙarƙashin ƙasa. Ranar Talata na ɗaga hannu na make akwatin nan, sannan na rungume shi ina ba shi haƙuri. Hajiya ta ce a turara shi, wai ko baki ne, tunda duk unguwa ta ji na yi wa Baffa alƙawari da shi. Ban hana ta ba. Da wani ya ce in yi masa wanka da sabulu zai tashi, da na ɗebo ruwa.

A yammacin ranar ina yi wa Ummi tsifa, ta juyo ta tambaye ni wa zai riƙa yi mata kitso a Dakata, kuma ko matar Baffa tana ja da zafi. Ashe yarinyar nan duk tana ji. Na ce mata ta gyara zama, na ci gaba da tsifa, hawaye na zuba a gashinta ba ta sani ba. Baban Ummi, tsoro nake ji. Ban taɓa jin irinsa ba, ko ranar da numfashinka ya fara sarƙewa, domin a ranar ban yarda za ka tafi ba, yanzu kuwa na san ana tafiya.

Jiya Laraba bayan azahar Bitrus ya zo a gurguje, an mayar da shi aikin yamma, kuma ka san Bompai ba nan kusa ba ce. Daga muryarsa na san ya sare. Ya ce ya ƙure saninsa, ya kira wani a Kaduna ya faɗa masa abin da nake karantowa, shi ma bai gane ba, gara in fara tunanin abin da zan ce wa Manaja. Sannan ya ce in sake karanta masa layin ƙarshen nan sau ɗaya, don kada ya tafi da nauyi a zuciya. Na karanta.

"Maman Ummi," ya ce, "akwai wurin da kike tsayawa ki ja numfashi. Kullum a wuri ɗaya. Me aka rubuta a wurin?"

Sunanka ne a wurin. Tun ranar farko yana nan a tsakiyar layin, ido na gani, harshe na tsallakewa, ban ma san ina yi ba. Sunanka yana ko'ina a cikin injin nan, na ɗauka irin sa hannun da mai abu ke yi ne a jikin kayansa. Kuma ka san ni. Kakata ce ta raine ni, a gidanmu mace ba ta kama sunan mijinta ko a ɗaki ita kaɗai, balle a gaban uwarsa, balle ga wani namiji ta taga.

Na ce masa sunan maigidan ne. Ya ce Oga Bala? Na ce a'a. Ba na ranar haihuwar nan da kowa ke kiranka da shi a masana'antu ba, sunanka na yanka ka sa, wanda duk shekarun da kuka yi tare Bitrus bai taɓa ji ba. Ya ce in faɗa masa, shi ne abin da muke nema tun farko. Na ji carbin Hajiya ya tsaya a bayana. Kai ne ɗanta na fari, ita ma ba ta faɗa, yayan Nura take ce maka har ka koma ga Allah. Mata biyu a ɗaki, kowacce ta san sunan kamar yunwar cikinta, babu mai bakin faɗa. Na waiga neman biro ban gani ba. Ummi tana Islamiyya, raga a kafe da ƙusoshinka, Bitrus kuma yana cewa lokaci ya ƙure masa, in yi haƙuri.

Sai kan Ummi ya faɗo mini a rai, a kan cinyar wata tana ja mata gashi. Na matsa jikin labule na faɗe shi, da ƙarfi, don kada janareta ya cinye.

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai fito daga bakin Hajiya, don na san ba ta rasa magana. Can na ji muryarta ƙasa ƙasa, ba irin wadda na sani ba.

"Sake faɗa, 'yar nan."

Na sake. Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Daga baya ta gaya mini tun safiyar suna da ta jiyo shi daga bayan labule bai taɓa ratsa leɓenta ba, kuma tun ranar da aka yi shelar jana'izarka babu wanda ya ambace shi a gidan nan, kowa sai marigayi. Ta ce har ta fara tsoron ya tafi tare da kai.

Bitrus kuwa daga waje tambaya ɗaya ya yi, ko akwai wanda ya cire ka daga cikin injin. Nan na tuna. A kwanakin farko duk safiyar da na zo busa ƙura sai in ga sunanka a fuskar allo yana jiran kalmar sirri, in zauna in yi ta kuka. Nura ya shigo ya same ni haka, tausayi ya kama shi, ya ce bari ya huta da ni. Ya goge naka ya sa nawa. Har godiya na yi masa, na sa masa albarka. Ashe kai ba ka bar aikin sunayen a ƙarƙashin sunan da injin ya zo da shi ba, a ƙarƙashin naka ka ɗora shi, duk takardun kuma mallakarka ne. Muddin yana farke bai lura ba, ya ci gaba da aikinsa. Da ya faɗi ya zo tashi, ya nemi mai shi, aka ce babu wannan mutum. Garin gyaran gira aka rasa ido. Ba zan taɓa gaya wa Nura ba, yaron zai ci kansa.

Gyaran bai kai tafasar shayi ba, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Bitrus ya faɗa ina dannawa, na mayar da kai cikin injin da yatsuna, harafi bayan harafi, sannan na miƙa maka takardunka. Na tayar da shi. Kore. Na kashe gaba ɗaya na kunna don in tabbata, kore har ƙasa. Ban ji lokacin da Bitrus ya tafi ba, sai dai na jiyo shi yana kiran ɗan acaba a bakin titi, na san an riga an rubuta masa latti saboda mu.

Kada ka yi murna tukuna, tsugune ba ta ƙare ba. Da daddare ya kira ya ce duniya ba ta jin labari nan take. Wuraren da suka yi ta tambaya ba a amsa musu ba sun gaji, sai sun ga dama za su sake tambaya, wani yau, wani gobe, wani jibi. Masu roba sun ce wasiƙu sun fara shigo musu ɗaya ɗaya. Na Challawa kuwa Manaja ba ya ɗaukar wayata, sakatarensa ya ce har yanzu babu komai daga Italiya, kuma mutanen Legas sun riga sun aiko da takardunsu suna kan tebur. Taransifoma ba a gyara ba. Janareta nake ta lallaɓawa, yana tari ina salati, domin idan ya mutu a daidai lokacin da aka tambayo gidan masu jima, shi ke nan. Yau Alhamis. Gobe Baffa zai zo.

Hajiya ba ta yi mini alƙawarin komai ba, ni ma ban roƙa ba. Amma ta jawo tabarmarta kusa da madubi, ta sa Ummi ta nuna mata wane zane ne sunanka a allon, tana zaune tana kallo, ita da ba ta san bihim ba a boko. Da safe ta tambaye ni ko akwai isasshen mai a janareta. Ban san ko za ta buɗe baki a gaban Baffa ba. Ka san ta, ka san shi.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ina son sunan nan. Ina faɗarsa a zuci idan ina daka, ina faɗarsa idan na ji ƙarar babur ɗinka ta shigo layi. Sau nawa ka tsokane ni, ka ce Rabi faɗi sau ɗaya in ji, babu kowa, ni kuma in rufe fuska in ce Allah Ya kiyaye? Na zaci muna da lokaci. Na zaci sai mun tsufa, kunya ta gaji ta bar ni, in faɗa maka muna zaune a tsakar gida ka yi dariya. Ga shi na faɗe shi ga baƙo, ta taga, a bakin kwata, a gaban mahaifiyarka, kai da ka roƙa ban ba ka ba.

Na san ba kai ake roƙo ba, Allah ake roƙo, kuma na roƙe Shi har goshina ya yi zafi. Amma yanzu aikin nan a ƙarƙashin sunanka yake gudana, don haka ka bar ni in yi wautata. Ka tsaya a bakin layin nan zuwa gobe. Duk wanda ya zo tambaya ka nuna masa gida. Kada ka bari a raba ni da yaran nan, ban san da wane baki zan gaya wa Sadiƙu ni ma zan tafi ba.

Janareta ya fara tari, bari in je. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya haɗa mu inda ba a rabuwa.

Sai na iso, Tijjani.

Matarka,
Rabi, Maman Ummi